Tasirin Tsofaffin Littattafai a Kan Harshen Hausa: Waiwaye Daga Birnin Kudu da Gwaram

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan nazari da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi ne, domin a ga yadda tsofaffin littattafai, na Larabci da na ajami da na boko, suka yi tasiri a kan Hausar da ake magana da ita a yau. An ɗauki ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a matsayin wurin da za a tsaya a hangi al'amarin. Ba a nan aka rubuta littattafan da za a ambata ba, amma a nan an karanta su, an rera su, an kuma saurare su shekara da shekaru.

Masana harshen Ingilishi sun daɗe da amincewa cewa harshensu ya ci moriyar tsofaffin rubuce-rubucensa. Sukan kafa hujja da wasannin kwaikwayon William Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, da kuma fassarar Baibul da aka fitar a Ingila a 1611 bisa umarnin Sarki James, domin maganganu da dama da Turawa ke yi a yau daga cikinsu suka fito. Haka kuma da Samuel Johnson ya wallafa ƙamusunsa a 1755, da jimlolin da ya tsamo daga littattafan marubuta ya riƙa tabbatar da ma'anar kalmomi. To, abin tambaya a nan shi ne, shin Hausa ma tana da irin wannan tarihi? Ra'ayin wannan nazari shi ne tana da shi, sai dai hanyar ta bambanta. Mafi yawan Hausawa da kunne suka fara saduwa da littafi, wato wani ya karanta su kuma su saurara. Saboda haka ne ma tasirin littafi ya kai har ga bakin mutumin da bai taɓa riƙe alƙalami ba.

2.1 Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne guda biyu da ke kudancin Jihar Jigawa. Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Badamasi Babangida ta ƙirƙiro Jigawa, suna cikin Jihar Kano ne, kuma a zamanin En'e gundumomi ne na masarautar Kano. A yau suna ƙarƙashin masarautar Dutse. Dukansu biyu sun yi iyaka da Jihar Bauchi, kuma ban da Hausawa akwai Fulani masu yawa, sa'an nan akwai Warjawa a ɓangaren da ya kusanci Ningi. Ke nan yanki ne da Kananci ya yi kafaɗa da kafaɗa da Hausar Bauchi da wasu harsuna, wanda hakan ya sa ya dace da irin wannan nazari.

2.2 Littattafan Zaure

Tun kafin zuwan Turawa, duk wanda ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo kuma yana son ƙarin ilimi, zauren malami yake komawa. A can ne zai fara da ƙananan littattafan tauhidi da fiƙihu kamar Ƙawa'idi da Ahalari da Ashmawi da Iziyya, daga nan ya shiga Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, in Allah ya yi masa nisan karatu ya kai ga Muhtasar na Halilu. A fannin lugga kuwa akwai Ishiriniya ta Alfazazi mutumin Andalus, da Burda ta Busiri mutumin Masar, da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya, da kuma Muƙama ta Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, mai ɗauke da labarai 50. Har yanzu ana karantar da waɗannan littattafai a zauruka a cikin garin Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukansu, kamar yadda ake yi a sauran ƙasar Hausa.

Abin lura a nan shi ne yadda ake yin karatun. Ɗalibi ne ke jan baƙi, malam kuma yana fassarawa da Hausa kalma bayan kalma. In malam ya zo kan kalmar da ba ta da takwara a Hausa, sai ya bar ta yadda take ya yi mata sharhi. Gobe ma haka, jibi ma haka, har kunne ya saba da ita. Kuma zaure ba shi da ƙofar da ake rufewa. Maƙwabci yakan zauna ya ji, mai jiran a gama ya gai da malam yakan ji, matan gida ma sukan jiyo daga ciki. Idan azumi ya zo kuwa, tafsirin da ake yi da Jalalaini a masallatai yakan tara jama'ar da ta ninka ta zaure sau da yawa.

A 1947 masanin harshe Joseph Greenberg ya kasa kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda suka shigo tun da daɗewa ta hanyar cuɗanya da fatauci, waɗanda sau da yawa "al" ta Larabci ta manne a jikinsu, kamar alƙali da albasa da aljihu, ko kuma ta narke ta bar "l" kawai, kamar littafi da labari da lokaci da lafiya da laifi. Kashi na biyu su ne waɗanda suka shigo daga baya ta hanyar malamai da littattafai. Ko da yake wasu masana da suka biyo baya sun yi wa wannan rabo gyare-gyare, kashi na biyun shi ne ya shafi wannan nazari. A cikinsa ne ake samun kalmomi irin su dalili da hujja da sharaɗi da misali da ma'ana da bayani da hukunci da haƙiƙa da illa da alhali da hatta. Idan aka duba da kyau za a ga cewa waɗannan kalmomi ba sunayen kayan da ake saye da sayarwa ba ne, kayan aikin tunani ne da muhawara. Mai wannan nazari ya gwada rubuta shafi ɗaya na wannan kundi ba tare da su ba, ya ga abin ba zai yiwu ba, domin kalmar "nazari" kanta da "adabi" da "nahawu" da "tarihi" duk daga zaure suka fito.

Bahaushe bai karɓi waɗannan kalmomi ya ajiye su a matsayin baƙi ba. Ya sa musu rigar Hausa. Daga hukunci ya samar da hukunta, daga haram ya samar da haramta, daga wajibi wajabta, daga misali misalta. Ya yi musu jam'i irin nasa, ya ce dalilai da hujjoji da hukunce-hukunce. Har ma akwai inda ya ɗauki jam'in Larabci ya ƙara masa nasa a kai, kamar yadda sharaɗi ya zama sharuɗɗa. A yau idan dillalin hatsi a kasuwar Gwaram ya ce ya sallama da sharaɗin a biya shi kafin la'asar, ko ya ce wa abokin cinikinsa ba shi da hujja, bai san cewa da harshen Risala yake ciniki ba.

Akwai kuma wani batu da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomin "karatu" da "rubutu" ta hannun Barebari suka shigo Hausa. Wannan ya yi daidai da al'adar da aka sani ta tafiya gabas neman karatun Alƙur'ani, kuma ƙasar Jigawa ta yau tana kan hanyar da almajirai ke bi tsakanin Kano da Borno.

2.3 Waƙoƙin Ajami

Littattafan zaure da Larabci suke. Matakin da ya biyo baya shi ne lokacin da malamai suka fara tsara ilimin da ke cikinsu da Hausa, a waƙe, cikin rubutun ajami. Wannan ya bunƙasa ne a zamanin jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804. Shehu da almajiransa sun lura cewa talaka ba ya jin Larabci, kuma waƙa ta fi zube saurin shiga kai. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ita ce kuma ta mayar da waƙar mahaifinta ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Ta hanyar tsarin 'yan taru, inda jajis ke karɓar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka, waƙoƙin suka shiga cikin gidaje.

Waƙoƙin wa'azi irin waɗannan, da irin su Gangar Wa'azu, da Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya a ƙarni na 20, su ne suka raba wa jama'a kalmomin lahira. Imfiraji musamman ta yi yawo a bakin makafi da almajirai, waɗanda ke rera ta a kasuwanni da tashoshin mota da ƙofofin gidaje, kuma duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram da wuya a ce bai taɓa jin wani yanki nata ba. Abin sha'awa shi ne yadda kalmomin suka sauko daga lahira suka shiga harkar duniya. Ɗalibin da ya ci jarrabawa da ƙyar yakan ce ya tsallake siraɗi. 'Yan siyasa kan kira ranar zaɓe ranar hisabi. In ana son a auna magana sai a ce a ɗora ta a kan mizani. Har ma Bahaushe ya ji ana ambaton mala'iku biyu masu tambayar kabari, Munkar wa Nakir, sai ya haɗa "wa" ɗin da ke tsakani da suna na biyu ya samar da Walakiri.

Daga waƙoƙin Larabci ne kuma rubutacciyar waƙar Hausa ta ari ma'auni da amsa-amo da tsarin baiti da tahamisi. Da zamani ya juya, mawaƙa suka ɗauki wannan tsari suka zuba masa sabon jigo. Biyu daga cikin fitattunsu maƙwabtan wannan yanki ne, wato Sa'adu Zungur na Bauchi da Mu'azu Haɗeja, waɗanda dukansu suka rasu a 1958. Waƙar Sa'adu ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya tana daga cikin abubuwan da suka yaɗa kalmar jamhuriya tun kafin Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963. Shi kuwa Mu'azu, waƙoƙinsa irin su Ilmin Zamani da Tutocin Shaihu da Waninsu sun daɗe cikin manhajar makarantu.

2.4 Littattafan Zariya

Rubutun boko ya samu gindin zama ne bayan da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Sai dai an samu haruffa amma babu abin karantawa. Domin magance wannan ne aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East. A 1933 East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Shi da kansa ya bayyana irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai, domin a ganinsu ƙaga labari aikin mata ne da yara, bai kamaci mai ilimi ba. Daga wannan gasa aka samu littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa waɗannan littattafai sun yanke alaƙa da zaure. Marubutan nasu galibi 'ya'yan zaure ne da suka shiga boko. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981, ɗan gidan malamai ne, kuma ya faɗa da bakinsa cewa Muƙamar Hariri ta yi tasiri a kan Ruwan Bagaja. Wanda ya karanta littattafan biyu zai ga haka. Yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ke rabuwa a wannan gari su sake gamuwa a wancan, haka mai ba da labari a Muƙama ke ta cin karo da Abu Zaidi a garuruwa daban-daban. Sunan littafin kuwa daga tatsuniya ya samo shi, domin akwai tatsuniyar ruwan Bagaja tun kafin a haife shi. Ke nan Imam ya ɗebo daga zaure, ya ɗebo daga ɗakin tsohuwa, ya haɗa su a mazubi ɗaya. A yau in aka ce wani abu ya zama ruwan Bagaja, wato ya yi wuyar samu, mafi yawan mutane littafin suke tunawa ba tatsuniyar ba.

Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku daga 1937 zuwa 1939, shi ne ya fi kowanne tasiri. Imam ya tattaro labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Gabas da na gida, ya sa su a bakin aku, wanda ke ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari domin ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. A ganin wannan nazari, babbar gudummawar littafin ba ta tsaya ga yawan kalmomi ba. Shi ne ya nuna cewa ana iya rubuta hira yadda mutane ke yin ta, da ba'a da habaici da zaurance da gatse, a kuma karanta a yi dariya. Ya kuma kafa al'adar sa karin magana a matsayin kan labari, al'adar da marubutan baya suka gada. Balaraba Ramat Yakubu, misali, da karin magana ta sa wa littafinta na 1990 suna, wato Alhaki Kuykuyo Ne.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta. A shekarar ce Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, bayansa kuma aka shiga fafutukar neman mulkin kai. Dole jaridar ta nemi kalmomin da za ta ba da waɗannan labarai, kuma sau da yawa rumbun zaure ta koma ta ɗebo. Kalmomi irin su siyasa da majalisa da jam'iyya da ƙuri'a duk Larabci ne asalinsu, jarida da rediyo ne suka ba su ma'anar da muka san su da ita yanzu. Ita ma jaridar da kunne ta fi isa ga jama'a, domin mutum ɗaya kan saya ya karanta wa taro a gindin bishiya ko a ƙofar fada.

A Birnin Kudu da Gwaram makaranta ce babbar ƙofar da waɗannan littattafai suka bi. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga sassa daban-daban na tsohuwar Jihar Kano, sa'an nan shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu ƙauyuka da rugage. A aji ma tsarin bai yi nisa da na zaure ba, domin littafin ba ya isar kowa. Malami ko wani ɗalibi mai murya ne ke tsayawa ya karanta, saura su saurara, da daddare kuma su maimaita wa ƙannensu a gida. Ga ɗan Bafulatani ko ɗan Bawarje da ya shiga aji da harshen gidansu, Hausar waɗannan littattafai ita ce Hausar da aka nuna masa a matsayin ta ƙwarai.

2.5 Daidaitacciyar Hausa da Abin da Aka Bari a Baya

A nan ne ya kamata a yi adalci. Kowa ya san an gina Daidaitacciyar Hausa ne a kan Kananci, amma in aka duba marubuta biyar na gasar 1933, Muhammadu Gwarzo ne kaɗai ɗan ƙasar Kano. Imam da yayansa Bello mutanen Kagara ne da suka zauna a Katsina, Tafawa Ɓalewa daga Bauchi yake, John Tafida kuma daga Zariya. Wannan ya nuna cewa a kan teburin masu tace rubutu a Zariya aka daidaita Hausar littattafan, aikin da Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba da shi. Amfanin haka a fili yake. Mutumin Gwaram da na Sakkwato da na Maraɗi suna iya karanta takarda ɗaya su fahimta.

Amma daidaitawa ba ta yiwuwa sai an ajiye wani abu a gefe. A garuruwan da ke kan iyaka da Bauchi akan ji mai magana ya ce "rigan Audu" maimakon "rigar Audu", ko ya ce "na sayi goro wa baba" maimakon "na saya wa baba goro". Waɗannan siffofi ne sanannu na Hausar Bauchi, suna da ƙa'idarsu, amma a aji sunansu kuskure. Mai wannan nazari bai manta da yadda wani malaminsa na firamare ya zagaye masa irin wannan jimla da jan biro ba, ya kuma sa 'yan aji suka yi masa dariya, alhali da haka kakarsa ke magana har ta bar duniya. Yaron da aka yi wa haka yakan koma gida yana ganin maganar iyayensa ƙauyanci ce.

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934, wanda Malam Mahmudu Ƙoƙi ya taimaka wajen haɗa shi, ya bi hanyar da ta saɓa wa ta Johnson, domin daga bakunan jama'a aka tattara yawancin kalmominsa, har yakan nuna cewa wannan kalma ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina ko ta Haɗeja ko ta Katagum. Duk wanda ya buɗe shi a yau zai tarar da kalmomin noma da saƙa da rini da kiwo masu yawa waɗanda ba su samu shiga littattafan makaranta ba, kuma matasa ba su san su ba. Kalmar da ta shiga Magana Jari Ce ta samu wurin fakewa, ana iya komawa a same ta ko da an daina faɗarta. Wadda ba ta shiga ba kuwa tana bakin tsofaffi ne kawai. Irin waɗannan kalmomi, waɗanda aka ji daga bakin dattawa da tsofaffin mata a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram amma aka neme su a littattafan da aka ambata ba a same su ba, su ne babi na uku zai duba.